Babanta ya ce likita, ita ta ce lauya: wane aji za mu cike mata a SS1?

Maman Ilham: Assalamu alaikum iyaye da malaman gidan nan, dan Allah shawara nake nema. 'Yata ta gama JSS3 sakamako ya fito Alhamdulillah, yanzu makaranta sun aiko da fom wai a cike ajin da za ta shiga, sayans ko at ko kamashal, kuma suna so a mayar kafin a koma hutu. Babanta ya riga ya yanke hukunci shi sayans, likita yake so a gidan, ita kuma tun tana firamare bakinta lauya lauya. Lissafinta ba laifi amma ba nan ƙarfinta yake ba, hamsin da wani abu take samu, Turanci kuwa ba ta sauka daga tamanin kuma yarinya ce mai son karance karance har sai na ƙwace littafi ta yi wanke wanke. Jiya da ya yi maganar ta shige ɗaki ko abincin dare ba ta ci ba. Ni dai kaina ya ɗaure wlh.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai wannan ba abin dogon tunani ba ne, maigida ya yi daidai. A saka ta sayans. Ɗan sayans ko ina yana iya sauka, in ta gama ta ga lauyan take so sai ta juya, amma ɗan at har abada ba zai iya juyowa ya zama likita ko injiniya ba. Nawa duka sayans na saka su ban ma tambaye su ba.

Barista Anti: Baban Khalifa da girman kujerarka amma wannan maganar ita ce take halaka yara duk shekara. Ba gaskiya ba ne cewa ɗan sayans ko ina yana sauka. Karatun lauya ana neman kiredit a Litirecha, wato adabin Turanci, a WAEC ko NECO, kuma a JAMB ma Litirecha na cikin darussan da za ta zauna. Yarinyar da ta shekara uku tana fiziks da kemistiri ba ta taɓa buɗe littafin Litirecha ba, ko A1 tara ta kwaso ba za a ba ta Law ba. Sai dai ta koma ta sake zama jarabawar waje ta Nuwamba don darasi ɗaya tal, ga ɓata shekara ga ɓata kuɗi.

Baban Khalifa: To Barista ai shekara ɗaya ba komai ba ce a rayuwar yarinya 'yar sha huɗu.

Barista Anti: Ba komai ba ce a wajenka Alhaji, kai namiji ne. Ka tambayi matan gidan nan me yake faruwa da yarinyar da ta gama sakandare ta zauna a gida shekara ɗaya ana jiran gyaran takarda. Kafin sakamakon ya fito an kawo kuɗin gaisuwa.

Maman Twins: Hhhh wlh Barista kin faɗi gaskiya, nan kusa da mu aka yi

Malamin Fiziks: Salamu alaikum. Bari in shigo tunda abin ya taɓo sana'ata. Hajiya Maman Ilham, kafin a yi gardamar sayans ko at, ku zauna da biro da takarda ku yi lissafin daga ƙarshe zuwa farko. Yaro a WAEC darasi takwas yake rijista mafi ƙaranci, tara mafi yawa, ba a wuce tara. Turanci da lissafi dole ne ga kowa. A tsarin da muka daɗe muna kai akwai sibik da kuma darasin sana'a guda ɗaya su ma dole, kin ga huɗu sun tafi kenan tun ba a fara zaɓe ba. Ɗan sayans ya ɗora fiziks, kemistiri, bayoloji, sun zama bakwai. Saura gurbi biyu kacal. To waɗannan gurabe biyun su ne mutane ba sa kula da su, makaranta ce kawai take cike wa yara da abin da take da malaminsa, wannan agirik wancan jogirafi, wani Hausa wani IRS, iyaye ba su ma san an cike ba sai ranar da satifiket ya fito.

Sannan abin da jami'a take kallo ba yawan darussan da aka ci ba ne, kiredit biyar take nema a darussan da suka DACE da kwas ɗin. Kiredit kuma daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 fas ne kawai ba sa shiga lissafi, F9 kuwa kin san sunanta. Mai son likitanci biyar ɗinsa Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri, bayoloji, in ya samu D7 a kemistiri to A1 ɗin da ya ci a sibik da maketin ba za su cece shi ba.

Maman Ilham: Malam na gode sosai. To tambayata, tunda akwai gurbi biyu, ba za a iya saka ta sayans ɗin don a faranta wa babanta ba, sai a saka mata Litirecha da Gwamnati a guraben biyu? Kowa ya samu nasa kenan.

Malamin Fiziks: A takarda yana yiwuwa Hajiya, a aji ne matsalar take. Yawancin makarantu lokacin da 'yan sayans suke fiziks a lokacin ne 'yan at suke Litirecha, lokaci ɗaya ne a jadawali, yarinya ba za ta rabu biyu ba. Sai dai in za ku ɗaukar mata mai lesin a gida ya riƙa bi da ita littattafan, kuma makaranta ta yarda ta yi mata rijistar darasin ta kuma ba ta makin CA, wato makin gwaje gwajen cikin aji, a kansa. Akwai masu yi, amma yaran da na ga sun iya ɗaukar wannan kayan irin waɗanda lissafi ba ya ba su wahala ne ko kaɗan. Wadda take hamsin da wani abu a lissafin JSS, gaskiya zan faɗa miki fiziks ɗin SS2 zai sha mata kai, don fiziks rabinsa lissafi ne da aka sa wa riga. Ina da su a aji, yara masu ƙoƙari, ka ga yarinya ta haddace difinishin tsaf ta rubuta fomula daidai, da an zo canza sabjek na fomula sai biro ya tsaya. Ba daƙiƙai ba ne, an ajiye su ne a inda ba wajensu ba.

Baban Khalifa: Malam kai da kanka kake korar ɗalibai daga ajinka? Mu a Arewa likitoci muke buƙata musamman mata. Ka je asibiti ka ga layin mata masu jiran likita mace. Lauyoyi kuwa sun yi yawa, ga su nan suna yawo da kwat a bakin kotu.

Barista Anti: Alhaji zan bar maganar kwat ta wuce saboda Juma'a ce 😂 amma ka je kotun shari'a ka ga matan da ake cinye wa gado da waɗanda aka saka aka hana su kuɗin ciyar da yara, ka gaya min ko lauya mace ta yi yawa.

Hajiya Firinsifal (mai ritaya): 'Ya'yana ku yi haƙuri in sa baki. Baban Khalifa abin da ka faɗa na buƙatar likitoci gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ganin haka ba. Shi ya sa tsohuwar jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, daga baya aka yi na 'yan mata, kuma duk wanda ya san asibitocin Kano da Jigawa ya san likitoci da injiniyoyi nawa suka fito daga can. Amma ka tuna yadda ake shiga. Jarabawa ake yi a tace, wanda ya ci shi ake ɗauka, ba uba ne yake zuwa ya ce ɗana likita zai zama a rubuta shi ba. Kuma an zuba musu malamai da ɗakunan gwaji na gaske. Yanzu kowace makarantar kuɗi mai ɗaki shida a lungu tana da ajin sayans, yaro zai gama SS3 bai taɓa riƙe biret, bututun awo na gwajin kemistiri, da hannunsa ba sai satin da za a yi firaktikal a aro kayan daga wata makaranta.

Lokacin da nake aiki duk farkon shekara sai na sha rigima da iyaye a ofis. Uba zai zo da babbar riga ya ce Hajiya an saka min yaro a at kamar wani mara ƙwaƙwalwa. Sai in ɗauko fayil in buɗe masa makin yaron na shekara uku in ce Alhaji karanta da kanka. Wasu su gane, wasu su cire yaron su kai inda za a karɓi kuɗinsu a yi musu yadda suke so. To Maman Ilham shawarata, kar ki tsaya jayayya da maigida a kan lauya da likita, ba za ki ci ba. Ki ɗauko rifot kad ɗinta na JSS1 zuwa 3 ki ajiye masa, ku je makarantar tare, ya ji daga bakin malamin lissafinta. Namiji yakan karɓi magana daga malami wadda ba zai karɓa daga matarsa ba.

Maman Ilham: Allah ya ƙara girma Hajiya, wannan dabarar ta yi min. Dama shi mutum ne mai jin maganar manya.

Abba CBT: Salam iyayena. Ni a santar rijistar JAMB nake aiki, bari in gaya muku abin da muke gani da ido lokacin rijista. JAMB darasi huɗu ne, Turanci dole sai uku da suka dace da kwas, maki 400 gaba ɗaya. Likitanci da famasi da nasin: fiziks, kemistiri, bayoloji. Injiniyarin: lissafi, fiziks, kemistiri. Akawu: lissafi, ikonomiks da wani ɗaya na ɓangaren. Law: Litirecha da wasu biyu na at ko soshiyal sayans, yawanci Gwamnati ko tarihi da IRS ko CRS.

To sai yaro ya zo ya zauna a gabana, ga layi har waje ana ta turereniya ga rana, in ce wane kwas, ya ce kwamfuta sayans. In ce ka yi fiziks? Ya ce a'a shi ɗan kamashal ne amma ya iya kwamfuta sosai har gyaran waya yana yi. Wlh tausayi suke ba ni. Wani kuma sai a lokacin zai ɗaga waya ya kira babansa, Baba wai me zan cike, uban yana kasuwa ana ta hayaniya ya ce saka medisin kawai. Haka za a cike a ci maki mai kyau a zo CAPS, shafin JAMB na bayar da admishan, a ga ba admishan, a ce ai sai da hanya. Wani lokacin ba hanya ba ce, haɗin darussan ne tun farko ba daidai ba, kwamfuta ce ta watsar da shi kafin ma wani ɗan adam ya ga sunansa. Kundin JAMB da ke nuna abin da kowane kwas yake buƙata a kowace jami'a yana nan a shafinsu kyauta, a waya ma ana buɗewa. Tun yaro na JSS3 ya kamata a duba shi ba ranar rijista ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ummi 200L: Mama Maman Ilham ina wuni. Ni abin da ake tattaunawa a kaina ya faru. An saka ni sayans saboda yayyena duka sayans suka yi, na lallaɓa har SS2 na ga ba zan iya ba kullum kuka, na ce a mayar da ni at makaranta suka ce ya yi latti an riga an tura makin CA ɗina na SS1 da darussan sayans. Haka na ƙarasa, kemistiri D7 a WAEC, a NECO ma bai fito ba. Abin da ya cece ni ikonomiks da jogirafi da suke cikin guraben nan biyu da Malam ya faɗa, da su na samu kwas a soshiyal sayans kuma yanzu Alhamdulillah ina jin daɗin karatuna. Amma da an tambaye ni tun farko da ban sha wannan wahalar ba. Dan Allah Mama ku saurare ta.

Baban Khalifa: To ai ga shi kin samu admishan ɗin da takardar sayans, maganata ta fito kenan, ɗan sayans yana sauka ko ina 😄

Ummi 200L: Baba ai ba inda nake so na sauka ba, inda mota ta lalace ne

Maman Twins: 😂😂 Ummi kin gama da Alhaji

Malamin Fiziks: Maganar canza aji da Ummi ta kawo tana da muhimmanci. In za a canza to a canza a SS1, zangon farko ko na biyu. Makaranta tana tara makin CA na yaro tun daga SS1 ana tura wa hukumar jarabawa, shi ya sa suke ƙin canji a makare, kuma ko sun yarda yaron ya rasa shekara guda ta darasin da zai koma. Wasu makarantun suna da tsari mai kyau, zangon farko na SS1 kowa ya ɗanɗana duka darussan sannan a raba. Hajiya ki tambaya ko suna yin haka.

Maman Ilham: Yanzu na kira fom mistires ɗinsu. Ta ce ba sa yin haka, daga ranar farko ake rabawa. Kuma wai abin da ya fi ɗaure min kai, ta ce a halin yanzu ba su da malamin Litirecha, wanda yake yi ɗan bautar ƙasa ne ya gama ya tafi, 'yan at ɗinsu Hausa da IRS da Gwamnati suke yi. Amma wai za a kawo.

Barista Anti: Innalillahi. To kin ga inda gizo yake saƙar. Ko kin ci nasara a kan babanta an saka ta at a wannan makarantar, ba Litirecha ba Law. Wannan "za a kawo" ɗin kar ki yarda da shi 'yar uwa, ki ce su nuna miki sakamakon WAEC ɗinsu na bara ki ga ko akwai yaro ko ɗaya da ya zauna Litirecha. In babu ki fara neman wata makarantar tun yanzu. Litirecha ba darasin da ake haɗawa a wata uku ba ne, akwai littattafan da aka ware na wasan kwaikwayo da ƙagaggun labarai da waƙoƙi, na Afirka da na waje, kuma ana canza su bayan 'yan shekaru, dole yaro ya karanta su da malami a gabansa.

Hajiya Firinsifal (mai ritaya): Barista ta faɗi gaskiya. Kuma wannan ciwon ya daɗe a makarantunmu na nan, Litirecha shi ne darasin da aka fi rasa malaminsa, shi ya sa za ka ga yaranmu da yawa masu son Law ko aikin jarida sun maƙale. Haka fada mas, wato darasin lissafi mai zurfi, a ɓangaren sayans. Tambaya uku nake ce wa iyaye su yi kafin su biya kuɗin SS1: wa yake koyar da darasin, malamin dindindin ne ko na wucin gadi, kuma makarantar tana da santa ta WAEC da NECO ta kanta ko kai yara take yi wata makaranta.

Ustaz Abu Hanif: Assalamu alaikum. Ƙarin bayani kaɗan ga Hajiya wanda wataƙila zai sanyaya zuciyar maigida. Karatun lauya a jami'o'inmu irin ABU da BUK da Danfodiyo akwai ɓangaren Shari'ar Musulunci a ciki, ana karanta gado da aure da mu'amalat. Don haka in ta riƙe IRS da kyau, in da hali ta haɗa da Larabci, zai yi mata amfani ƙwarai. Uban da yake ganin lauya sai ƙarya da kare ɓarayi, in aka ce masa 'yarsa za ta san rabon gado ta zama mai taimakon marayu ko alƙaliya wata rana, kallon zai canza. Sannan ga masu yara a makarantun Arabiyya, jarabawar NBAIS ita ma ana shiga jami'a da ita, ba WAEC da NECO kaɗai ba ne, kamar yadda 'yan makarantun fasaha suke da NABTEB.

Baban Khalifa: Ustaz ka zo da wata hanya kuma. To amma ni tsorona ɗaya, yara suna gudu at ne saboda tsoron lissafi ba don son lauya ba. Balle yanzu da na ji an ce gwamnati ta cire wa 'yan at lissafi gaba ɗaya.

Abba CBT: Baba ba cirewa aka yi ba, mutane ne suka karanta kan labari suka tsaya. A watan Oktoba 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da sabon tsarin shiga manyan makarantu, ta ce kiredit a Turanci dole ne ga kowa, kiredit a lissafi kuma dole ne ga kwasa kwasan kimiyya da fasaha da soshiyal sayans, na at zalla ne aka sassauta wa. Da surutu ya yi yawa suka sake fitowa suka ce kowane ɗalibi dole ya yi rijistar lissafi ya zauna shi a jarabawar gama sakandare. Ni shawarata ko ɗan at ne ya nemi C6 ɗinsa a lissafi ya ajiye, don in Law ba ta samu ba aka ce a koma wani kwas na soshiyal sayans nan take za a nemi lissafin, kuma gurbin Law kaɗan ne a kowace jami'a masu nema kuma dubbai.

Barista Anti: Wannan haka yake. Ban ce Law sauƙi ba fa, shekara biyar ce a jami'a sannan shekara ɗaya a Law School, mu nan Bagauda muka yi. Wanda ya shigo don gudun wahala zai gamu da ita a gaba.

Malamin Fiziks: Likitanci kuma shida sannan hausmanship, wato horon aiki a asibiti, shekara ɗaya, kuma jami'o'i da yawa a likitanci zama ɗaya suke so, wato biyar ɗin su fito a takarda guda ba a haɗa WAEC da NECO ba. Sauran kwasa kwasai da yawa ana karɓar zama biyu. Wannan ma a gaya wa maigida, ba shiga ajin sayans ne likita ba.

Ɗan Maraɗi: Sallama 'yan uwa, ina biye da ku daga nan Nijar. Mu ma muna da irin wannan rigimar amma tsarinmu ya ɗan bambanta. Yaro in ya samu BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, ya shiga lise wato babbar sakandare, akwai seri A ta adabi da harsuna da falsafa, akwai C ta lissafi da fiziks, akwai D da ta fi ƙarfi a kimiyyar halittu, ita ce masu son likita suka fi bi. Bambancin shi ne mu a BAK, jarabawar gama lise, ba a ƙirga kiredit ɗaya ɗaya, matsakaicin maki ake dubawa, 10 bisa 20, kuma kowane darasi da nauyinsa gwargwadon seri ɗinka. To in ka tura yaro mai rauni a lissafi seri C ka kashe shi da hannunka don lissafin ne mai nauyi, zai ja sauran duka ƙasa. Kuma makin yaro ne yake ja masa gora wajen turawa, uba ba ya zuwa ya zaɓa haka kawai. Yaranmu da ke zuwa karatu Najeriya kuma wannan maganar haɗin darussa tana ba su mamaki sosai.

Hajiya Firinsifal (mai ritaya): Madalla ɗana, ka ga ku har yanzu maki ne yake magana.

Maman Twins: Ni tambayata daban ce dan Allah kar a ce na karkatar da zance. Tagwayena suna SS2 a makarantar gwamnati a Kano, ana ta maganar kwalifayin, wai in ba su ci ba ba za su yi NECO ba?

Malamin Fiziks: Ba haka ba ne Hajiya. Kwalifayin jarabawar tacewa ce da jiha take yi wa 'yan SS2, waɗanda suka cika sharaɗin da aka sa gwamnati take biya wa kuɗin jarabawar ƙarshe. Wanda bai ci ba yana iya zama, sai dai iyaye ne za su biya. Ki sa su dage da Turanci da lissafi musamman, kuma ki fara ɗan tari a gefe ko da sun ci, tagwaye ne kuɗin biyu ne.

Baban Khalifa: To ni dai har yanzu ina kan bakana cewa sayans ta fi faɗi, amma na yarda da maganar Hajiya Firinsifal a duba makin yarinya. In lissafin ba ya tafiya ba a dole. Kuma in ta gama abin bai yi ba ai akwai IJMB a gyara.

Abba CBT: Baba IJMB ba ta gyara takardar sakandare fa. Ita hanya ce ta shiga aji biyu kai tsaye, ABU ce take kula da ita, amma ranar tantancewa sai an nemi kiredit biyar ɗin nan da suka dace, in babu Litirecha babu ne ko maki nawa aka ci a IJMB. Mutane da yawa suna kashe kuɗi a nan su dawo.

Malamin Fiziks: Wani abu kuma ga masu shiga SS1 yanzu, a 2025 an fitar da sabuwar manhaja an rage yawan darussa, darussan sana'a da suke sama da talatin an mayar da su shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Don haka Maman Ilham in kun je kar ki tsaya a kan fom ɗin da aka aiko kawai, ki nemi ekzam ofisa ya rubuta miki jerin darussan da za a yi wa ajinsu rijista da su a SS3, ki riƙe takardar.

Maman Ilham: In sha Allah. Na tura wa babanta maganar Hajiya da ta Ustaz, ya ce Litinin mu je makarantar tare amma wai shi ma yana da tambayoyinsa. Anti Barista in ba damuwa zan miki magana ta gefe a kan makarantun da suke da malamin Litirecha.

Barista Anti: Ba damuwa 'yar uwa, bayan Magariba ina nan.

Abba CBT: Kafin a watse, tunda kuna da lokaci ku duba NIN ɗin yaran tun yanzu. Tun 2021 ba a rijistar JAMB sai da shi, kuma sunan da ke kan NIN shi kwamfuta take ɗaukowa ba ma iya canza ko harafi ɗaya. Sai ka ga a NIN Aisha, a makaranta A'ishatu, a takardar haihuwa an sa sunan kaka a madadin na uba, shekarar haihuwa ma daban daban. Ku daidaita su kafin makaranta ta tura suna WAEC. Sannan shekarun shiga jami'a 16 ne mafi ƙaranci, an ce 18 a 2024 daga baya aka dawo da shi 16, masu tsallakar da yara aji su lura.

Maman Twins: Abba nawa ɗaya Hassan ne a NIN ɗaya kuma an rubuta Hussain, a makaranta Hussaini, wannan i ɗin ma matsala ce?

Abba CBT: Matsala ce Mama, ki kai shi ofishin NIMC a gyara ko makaranta ta bi yadda yake a NIN ɗin, wanda ya fi sauƙi shi ne makarantar ta bi NIN in dai ba a tura sunansu ba tukuna.